Keke a Ƙarshen Hunturu

A Gure, ƙarshen Fabarairu ba hunturu ba ne, ba kuma bazara ba. Hazo ya janye, rana ta fito sarai, amma iskar gabas ba ta kwanta ba. A ƴan makwannin nan ne wani tsohon malamin makaranta kan fito da kekensa da hantsi, ya hau kwaltar Damagaram yana takawa sannu a hankali. A tafiya iska ke tura shi. A dawowa kuwa, sau da yawa sai ya sauka ya ja.

Rairayin da ke cin gefen hanya bai cika damunsa ba. Yaran da yake gaisarwa da Barbarci, yawancinsu da Hausa suke amsa masa, har da jikokin ƙaninsa.