'Yan data, ku zo mu yi magana

Na so in yi shiru, wallahi na so. Waɗanda suka daɗe tare da ni a wannan shafin sun sani, tun bayan zaɓen 2023 na janye bakina daga siyasa. Daga hoton aikin shago, sai sanarwar ɗaurin aure, sai ta'aziyya. To amma abin da ya faru daren jiya ya hana ni barci, kuma in ban amayar da shi ba zai zame min ciwo.

Kun ga hoton da na ɗora na firamaren unguwarmu, ajin nan da iska ta yaye wa kwano tun daminar bara, yara na zaune a kan buhu. Ban kama sunan kowa ba, ban ce jam'iyya kaza ba. Tambaya kawai na yi: wa za mu kai wa kuka? Kafin in dawo daga sallar isha'i kwament ya cika maƙil. Abin da ya fara ɗaure min kai, maganar duk iri ɗaya ce, har kuskuren rubutun ma iri ɗaya. "Ɗan hassada." "Nawa aka biya ka?" "Ina kake lokacin waccan gwamnatin?" Wani har ya sako mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, matar da ta koma ga Mahaliccinta ba ta san mene ne Facebook ba.

Zagi ba baƙona ba ne. Abin da ya sosa min rai shi ne a cikin masu zagin akwai yaron da ni na koya wa riƙe linzamin kwamfuta a shagona, kyauta, saboda mutuncin mahaifinsa. Kada ku tambaye ni sunansa, ba zan faɗa ba. Da safen nan ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya kasa shigowa. Na ce shigo mana. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, wallahi ban lura shafinka ba ne. Aiki aka turo."

Na ce nuna min aikin. Ya miƙo waya, gilashinta duk ya tsage, an ɗaure bayanta da kyauro. Guruf ne na WhatsApp, an sa hoton mai gidansu a goshi. Wani da suke kira kodineta ya turo adireshin rubutuna, a ƙasa ya jera musu kalaman da za su kwafa, ya ce kowa ya ɗauki hoton kwament ɗinsa ya turo kafin sha biyun dare, wanda bai turo ba babu shi a rabon sati. Na ce nawa ne rabon? Ya sunkuyar da kai. Data ce da ba ta kai sati, sai 'yar dubu biyu ko uku in an yi sa'a, wani satin ma a ce oga ya yi tafiya.

Ka ji farashin da aka yi wa mutuncina, da na mahaifiyata, da na yaron kansa.

Wannan sana'a ba yau ta fara ba, kaya kawai ta sauya. Iyayenmu sun ba mu labarin 'yan mahaukata da aka riƙa sakar wa 'yan NEPU a Kano a shekarun 1950. Mu muka tashi muka ga 'yan banga da 'yan jagaliya. Da gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita, aka samu sojojin baka, waɗanda ake biya wa kuɗin fili su shiga shirye-shirye irin su Kowane Gauta su wasa gwaninsu, su yi wa abokin hamayya shaguɓe. Amma sojan baka ko ba komai an san muryarsa, an san gidansu, akwai mai gabatarwa da zai katse shi in ya wuce gona da iri, akwai hukumar NBC da gidan rediyon ke tsoro. Ɗan data fa? Ba mai katse shi. Yana kwance a kan katifa ƙarfe ɗayan dare, zai zagi sa'an kakansa ya juya ya yi barci.

Kuma kada wani ya ce min ƙirƙira nake. A watan Janairun 2023, ana saura 'yan makonni zaɓe, BBC ta fitar da bincike inda masu harkar da kansu suka bayyana yadda jam'iyyu ke biyan masu tarin mabiya a asirce don su yaɗa ƙarya a kan abokan hamayya, wani a ba shi har naira miliyan 20, wani a yi masa alkawarin kwangila ko muƙami. Ku lura da kyau: miliyoyin na manyan ne, masu mabiya dubu ɗaruruwa da ke zaune a Abuja da Legas. Kafin kuɗin ya gangaro daga hannun mai ba da shawara zuwa shugaban 'yan midiya na jiha, zuwa na ƙaramar hukuma, zuwa kodinetan mazaɓa, abin da ke isowa ga yaronmu shi ne data. Tun kafin nan ma, a zaɓen 2015, wani attajirin ƙasar nan ya ɗauko hayar kamfanin Cambridge Analytica na Ingila don a ɓata Buhari, aka haɗa bidiyo mai cike da jini ana tsorata mutane da shari'a, asirin bai tonu ba sai 2018. A 2018 ɗin kuma aka cika wayoyi da cewa Buhari ya rasu, wani Jibrin ne daga Sudan ke zaune a fadar shugaban ƙasa, har sai da ya fito da bakinsa a ƙasar Folan ya ce shi ne dai ba wani ba. Akwai dattijai a majalisarmu da har yau ba su gama yarda ba. Ƙarya in ta shiga ta saƙon murya, da Hausa, daga wayar ɗan'uwanka, fitar da ita sai Allah.

Abin da nake ta so yaran nan su gane ke nan: sunan wa ke kan zagin? Naka. Hoton wa? Naka. Lambar wa aka yi wa rajista da NIN? Taka. Ka taɓa ganin ɗan mai gidanka na cikinsa a kwament yana zagin wani? Suna can suna karatu a Ingila ko Masar ko Malesiya, shafukansu a kulle. Ranar da abu ya ɓaci kuwa, kai kaɗai za a kama. Ba mu manta ba, a watan Nuwamban 2022 kotu a Kano ta sa aka yi wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 kowannensu kan bidiyon da suka yi wa gwamnan lokacin. A wannan watan dai aka ɗauke wani ɗalibin jami'ar tarayya ta Dutse saboda rubutun da ya yi kan matar shugaban ƙasa a Twitter. Ga Dadiyata, malamin jami'a, wanda aka ɗauke a ƙofar gidansa a Kaduna a watan Agustan 2019, shekaru suka yi ta wucewa iyalinsa na jiran labari. Ba ina cewa waɗannan 'yan haya ne ba, kada a juya min magana, kuma ba ina goyon bayan abin da aka yi musu ba. Ina nuna maka ne cewa filin nan da kake wasa a ciki yana cin mutane, kuma masu mulki suna son soshiyal midiya ne kawai ranar da take yi musu aiki. Gwamnatin da matasa suka yi wa yaƙi a intanet a 2015 ita ce ta rufe Twitter a watan Yunin 2021, ba a buɗe ba sai Janairun 2022.

Su kuma manyan, yau suna zagin juna, gobe ka gan su a ɗaurin auren 'ya'yansu suna tafawa. Jibi mai gidanka ya sauya sheƙa, a turo maka sabon hoto a ce ka sa, ka koma yabon wanda ka tsine wa jiya. Shi ya wuce wurin. Kai kuwa rubutunka na nan, wani ya ɗauki hotonsa ya ajiye, ranar da ka je neman aure ko neman aiki a fito maka da shi.

Na san abin da za a ce. Za a ce, kai ma ai kana cin kuɗin 'yan siyasa, ba kai ke buga musu fosta ba? Ƙwarai kuwa. Na buga wa mai tsintsiya, na buga wa mai lema, na buga wa mai kayan marmari, kuma gobe in sun kawo zan buga, sana'ata ce. Amma ku tambayi duk wanda ya taɓa kawo min aiki: hoton ɗan takara da alkawarinsa nake bugawa. Ranar da aka kawo min hoton wani an haɗa kansa da jikin da ba nasa ba, na mayar da kuɗin, yarana shaida ne. Za a kuma ce ɗan wancan ɓangaren ne, an turo shi. To ku koma baya a shafin nan, ba na goge rubutu. Lokacin da waɗancan ke kan kujera na yi magana kan asibitin unguwa da babu ruwa, yaransu suka zage ni da irin waɗannan kalaman. Wasu ma yaran su ne dai, hula kawai suka sauya.

Wani kuma zai ce, Malam, yunwa ce, ba aikin yi. Wannan ita ce maganar da ta fi nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Na san halin da ake ciki, ni ma cefane nake yi. Amma yaron da ya iya haɗa bidiyo a waya, ya iya tsara hoto, ya iya rubutun da zai ja mutum ɗari cikin awa ɗaya, wallahi yana da sana'a a hannunsa. Masu sayar da atamfa a Kantin Kwari, masu turare, masu abinci, duk neman wanda zai tallata musu kaya a intanet suke yi, kuma su biya ba tare da ka zagi uban kowa ba.

Kada a ɗauka cewa nake a bar siyasa a waya. A'a, a yi. Kayan aiki ne mai kyau in an san me ake nema da shi. Magoya bayan Peter Obi sun nuna haka a 2023: mutumin da aka ce ba shi da tsari a ƙasa ya tashi da ƙuri'a sama da miliyan 6, har ya ci Legas. Amma a nan Kano, duk da ƙarar da suka cika Twitter da ita, bai kai ƙuri'a dubu 30 ba, Kwankwaso kuwa ya doshi miliyan ɗaya. Me ya sa? Saboda a nan siyasa tana majalisa, tana rediyo, tana gidan biki, tana wurin matan da ke shiga gida gida. Waya tana ƙara wa abin da ke ƙasa ƙarfi ne, ba ta haifar da shi. Kuma duk wannan hayaniyar, mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka fita zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan 25 ba. Na tambayi yaron nan ko yana da katin zaɓe. Ba shi da shi. Mai yaƙi dare da rana saboda ɗan takara, amma ranar zaɓe ko dangwala masa ba zai iya ba.

Ga ɗan abin da na sani, tunda aikina ne zama gaban kwamfuta. In shafi ya zage ka, shiga ka duba shi. Sau da yawa za ka tarar jiya aka buɗe shi, hoto ɗaya, ba ɗan'uwa ba aboki. Manyan shafukan Facebook kuma akwai wurin da ke nuna ranar da aka ƙirƙire su da sunayen da suka taɓa amfani da su. Za ka sha mamakin shafin labaran Kannywood ko na wa'azi da aka saye aka mayar na ɗan takara. In an turo maka hoton gangami ko na rikici, saka shi a Google Lens, zai nuna maka inda ya taɓa fitowa, wani lokacin ma ba a ƙasar nan aka ɗauke shi ba. Saƙon WhatsApp mai alamar kibiya biyu a sama ya zaga duniya kafin ya iso gare ka, kada ka ɗauka wanda ya turo maka shi ne ya gani da idonsa. Murya kuma yanzu ana ƙirƙirarta da na'ura, don haka "ai na ji da kunnena" ta daina zama hujja. Ranar zaɓe kuwa, sakamakon da ake yaɗawa tun azahar ba sakamako ba ne. Abin dogaro shi ne takardar EC8A da wakilan jam'iyyu suka sa wa hannu a rumfarku. In kana son yi wa gwaninka aiki da waya, tsaya a ƙirga a gabanka, ka ɗauki hoton takardar nan.

Sannan mu ji tsoron Allah. Duk mun yi makarantar allo, mun san abin da Suratul Hujurati ta ce kan bincika labari kafin a ɗauka, da kiran juna da munanan sunaye, da cin naman ɗan'uwa. Ba a ce ban da lokacin kamfen ba. Yatsan da ya danna turawa za a tambaye shi, kuma ranar kodineta ba zai tsaya maka ba, oga ma ta kansa yake yi. Haƙƙin mutum ba ya faɗuwa don ka ce aiki aka turo. Ni na yafe wa yaron, har ga Allah. Sauran mutanen da ya zaga a wasu shafukan da bai san su ba, ina zai gan su ya nemi yafiya?

Iyaye, mu ma da namu. Yaro ba ya aiki, ba ya kasuwa, kullum da data a wayarsa, ba ka taɓa tambayar wa ke saya masa ba? Ku tambaya.

Wanda ya zo da hujja a kwament, bismillah, ko ta saɓa wa tawa zan karanta in ba da amsa. Wanda ya zo da zagi zan goge, ba zan rama ba. Duk yaron da ke cikin irin wannan guruf kuma yake son fita, shagona a buɗe yake ranar Asabar bayan la'asar, ya zo da wayarsa in nuna masa yadda ake tsara tallan kaya, ba sai ya biya ko sisi ba. Wanda yake da ƙani a wannan harkar, don Allah ya tura masa rubutun nan.