Hanyoyin da nake gudu a bayan Dutsi, da wadda na bari

Ranar Talata a shirin wasanni wani mai saurare ya kira daga Ƙonni, ya ce: "Kullum kana ce muna mu motsa jiki, kai ina kake yin naka?" Lokaci ya ƙure, mai kula da na'ura na ta ɗaga mini hannu, sai na ce zan ba shi amsa a rubuce. To malam, ga ta.

Ba son wasa ya fitar da ni ba, tsoro ne. Shekara uku da suka wuce na je likita kan ciwon kai da ya ƙi jin magani, aka auna tansiyo aka samu 16 bisa 10. Lokacin ina da shekara 34. Mahaifina hawan jini ne ya kwantar da shi, rabin jiki ya shanye, shekara huɗu muna juya shi kafin Allah ya karɓi abinsa. Aikinmu kuwa kun san shi: zama a istidiyo, zama a fada, shayi zagaye uku. Rabona da gudu tun EPS na lise, shi ma don makin bak ne.

Na sayi baskit na bosho na fara a bakin gudron, babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Dogon Dutsi ta nufi Maradi. Kwana goma na yi na bari. Hayaƙin manyan motoci ban damu da shi ba kamar bakin mutane. Duk wanda ka wuce sai ya ce: "Lahiya? Mi yak koro ka?" Mu Arawa, babba ba ya gudu sai da dalili, ɗan kokowa kaɗai aka yi wa uzuri. Kunya ce ta tura ni bayan duwatsu, inda na zaci ba mai ganina.

Hanya ta farko gajera ce, gefen Tapkin Saw da lambuna. Salulata ta ce kilo huɗu zuwa da dawowa. Rairayi ne, ba hawa, ta dace da mai farawa. Da damina ruwa na cinye rabinta.

Ta biyu ita ce tawa. Kana barin gidajen ƙarshe, Tozon Bijini na kallonka, sai ka faɗa cikin ƙorama busassa, ƙafa na nutsewa. Daga nan hawa ya fara, jar tsakuwa mai zamewa, wurin da in ka yi gaggawa za ka sauko da gwiwa. Watannin farko a nan nake tsayawa in dafa cinya, zuciya na bugawa har cikin kunne, ina tambayar kaina ko ba ajalina na zo nema ba. In ka kai sama sai ka ga abin da ɗan cikin gari bai sani ba: tudun shimfiɗe yake kamar faifai, geza da sabara sun yi layi-layi, tsakaninsu fako tas, ko ciyawa babu. Sai ka shiga duhuwa, ka fita fili, ka sake shiga. A watan Agusta ganyen geza na shafar kafaɗa, raɓa ta jiƙa riga, fakara ta tashi daga ƙarƙashin ƙafarka ta kusa tsayar maka da numfashi. A watan Afrilu kuwa wurin duk toka-toka ne, sai anza da aduwa ke da sauran kore, kuma in bakwai ta yi kana sama ka cuci kanka. Akwai ɓangaren da aka haƙa ramukan rabin wata don tare ruwa, ciyawa ta dawo cikinsu, amma a kula, a nan na taɓa tsallake kububuwa.

Sau da yawa ina karanta labarin Bekoji a shiri, ƙaramin garin nan na Habasha mai tudun kusan mita 2,800, inda yara ke gudu tsakanin itatuwan turare. Can aka haifi Derartu Tulu, wadda ta ci zinare a gudun mita 10,000 a Barselona a 1992, can ne garin su Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba. Na kan ce a raina mu ma ga dutsi ga daji. Abin da ban lura da shi ba da wuri, can gari duka ya san abin da mai gudu yake yi. Nan kuwa hanyoyin ba don mu aka yi su ba. Ƙafar mata masu itace ce ta fitar da su, da ta makiyaya da jakuna. Wata inna da muke haɗuwa kusan kullum ta ce mini da tana budurwa kafin hantsi ta dawo gida da kayanta, yanzu sai azahar, saboda gezar ta yi nisa. Ni ina lissafa kilo don nishaɗi, ita tana lissafa su da dami a ka.

Hanya ta uku ita ce doguwa, kilo goma sha huɗu, ta ƙetare tudun ta gangara wata tunga, ta zagayo ta gonaki. Ba zan faɗi sunan tungar ba. Bara da kaka na bi ta da asuba, da baƙar riga mai hula, abin sauraro a kunne, salula a hannu tana zana hanyar da na bi. Ku tuna lokacin da muke ciki: ba satin da ba ma jin an kore shanu ko an ɗauke mutum a wani wuri kusa da iyaka, ni kaina nake karanta labarin. Amma ko kaɗan ban haɗa shi da kaina ba.

Na fito daga duhuwa a guje sai ga mata uku. Suka zubar da itace suka kwasa suna kururuwa. Kafin in cire abin kunne maza sun fito, da sanda, da gatari, ɗaya da baka. Aka zaunar da ni ƙasa. Wani saurayi ya karɓe salular, ya ga taswira da jan layi tun daga gari har bakin garkensu. Jama'a, ta yaya za ka bayyana wannan? Na ce motsa jiki nake, wani ya ce: "Motsa jiki hal cikin shanunmu?"

Wani dattijo ya iso yana dogara sanda. Ya ce: "Kai ɗan wa na?" Na ce: "Baba, ni na rediyo ne," na faɗi sunan shirin. Ya yi shiru, sannan ya ce in yi sallamar da nake buɗe shiri da ita. A zaune cikin ƙarangiya, murya na rawa, na yi ta. Wani yaro ya ce: "Wallahi shi na!" Aka fashe da dariya, aka kawo mini fura. Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce: "Ɗana, muryarka ta hisshe ka. Da wani na, da yanzu wani zance a kai."

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba sandunan ba ne. Ɗaya daga matan ta gurɗe a ƙafa wajen gudun, sati biyu ba ta je itace ba, kuma da damin dala ɗari take sayen cefane. Na koma da magani da ɗan abin da ya sawwaƙa, na ce: "Inna, ki yafe mini." Ta ce ta yafe, amma in daina fitowa mutane kamar aljani. Tun ranar ban sake gangarawa tungar a guje ba. Akwai wani gawo a bakin gangaren, nan nake juyawa.

Yanzu farar riga nake sawa, kai a buɗe, kunne a buɗe. In na hango mutum tun daga nesa nake rage gudu in yi sallama, ko da zai ɓata mini lissafin minti. Yara biyu ƴan lise sun fara bina, ɗayan ya riga ya fi ni hawa. Tansiyo ta sauko 13 bisa 8, amma likita bai ce in bar ƙwaya ba, ban bari ba.

Malam na Ƙonni, in hanya ta biyo da kai Dutsi, Asabar bayan sallar asuba muke tashi. Ka zo da ruwanka, kuma kar ka sa baƙar riga.