Bashin goro ya kai ni Man

Shekara ashirin ina sayar da goro a Adjamé, amma ban taɓa ganin itacensa ba sai bana da na je Man. Wasiyya ce ta kai ni. Kafin Baba ya rasu a gidanmu na Bromakoté, ya ce akwai kuɗin huhu uku na wani manomi ɗan ƙabilar Yakuba a wuyansa. Yaƙin 2002 ne ya raba su.

Da asuba na shiga mota, muka bi ta Yamoussoukro, Daloa da Duékoué, ba mu sauka ba sai magariba. Man a cikin kwari yake, tsaunuka sun kewaye shi, shi ya sa ake ce masa garin duwatsu 18. Ɗaya ya yi tsini kamar haƙori, suna kiransa La Dent de Man. Da safe hazo ya rufe kawunansu, ni da na saba da zufar Abidjan sai da na nemi rigar sanyi.

Ƙauyen yana kan tudu, da babur muka hau, tsakanin gonakin kofi, koko da shinkafa. Na tarar manomin ma ya rasu. Ɗansa ya kai ni gindin itacen, ya fasa kwanso ya ba ni sabon goro fari sol. Da na miƙa masa kuɗin sai ya yi shiru, can ya ce: "Tsohonmu kullum yana cewa Bahaushen nan zai dawo."

Ranar na yi barci mai nauyi. Allah ya jiƙan Baba.