Dodon Koɗi Babba da Ƙarami

Kowane yaron da ya tashi a ƙasar Kura, ko Bunkure, ko Kumbotso ta bakin Kogin Challawa, ya san dodon koɗi. Da kwanson jikinsa yara suke yin koɗi suna murzawa a dandali, shi kuwa mai ran yana can cikin ruwa yana tafiyarsa a hankali, ba ya cizo, ba ya harbi. Saboda haka ba safai babban mutum yakan tsaya ya dube shi ba. Amma ga wanda abincinsa yake fitowa daga bakin ruwa, sanin dodon koɗi yana cikin ilmin da bai kamata a rasa ba, gama a cikin danginsa akwai marar laifi, akwai kuma mai ɗauke da cuta.

A da, ruwan wannan ƙasa na damina ne. In kaka ta wuce sai tafkuna su ƙafe, dodon koɗi ya shige cikin laka ya kwanta, da yawa kuma su mutu kafin ruwan sama ya komo. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta manyan hanyoyi da ƙanana zuwa Kadawa, da Kura, da Bunkure, da Garun Malam. Ƙasa ta yi albarka: ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir da albasa, rani da damina. Amma ruwan da yake rayar da shuka shi ne yake rayar da dodon koɗi. Inda ruwa yake tafiya a hankali, ga ciyawa, ga inuwa, nan ne gidansa, kuma yanzu ba ya ƙafewa kamar da.

Mai son rarrabe su ba ya bukatar madubin likita. Abu uku zai duba: girma, da murfi, da gefen da baki yake. Sai dai kada ya ɗauko da hannu. Ya sa ludayi mai dogon hannu ko rariya. In ya ɗauko, ya juya shi tsinin yana sama, bakin yana fuskantarsa, sa'an nan ya duba.

Manyan iri biyu ne aka fi gani a ruwayen Afirka ta Yamma. Masana suna kiran ɗaya Pila. Shi kewayayye ne, yakan kai girman ƙwan kaza ko ya fi, bakinsa yana dama. Ɗayan sunansa Lanistes, bakinsa yana hagu. Dukansu biyu suna da murfi mai tauri a jikin ƙafarsu. In an taɓa su sai su shige ciki su ja murfin, kamar mai gida ya rufe ƙyaure. Allah ya hore musu numfashi iri biyu, na cikin ruwa irin na kifi, da na iska, shi ya sa akan ga sun hauro sama su shaƙi iska su koma. Cikinsu akwai namiji, akwai tamace. Waɗannan manya masu murfi ba su ɗauke da tsutsar tsargiya.

Masu laifin ƙanana ne, ba su da murfi ko kaɗan. Na farko shi ne Bulinus, wanda bai cika wuce ƙwayar gyaɗa ba, bakinsa yana hagu. Shi ne masaukin tsutsar da take kawo fitsarin jini. Na biyu Biomphalaria, faifatacce ne, a naɗe kamar ɗan gammo, faɗinsa kamar maɓallin riga. Shi ne masaukin tsargiyar hanji, wadda take kawo kashin jini, in ta daɗe ta kumbura hanta da saifa. Akwai na uku, Lymnaea, mai sirirtaccen kwanso da faɗin baki ta dama. Tsutsar da yake ɗauke da ita hantar shanu da tumaki take ci, mahauta sun san ɓarnarta. Ƙananan nan ko ɗaya tak ya rage cikin ruwa yana iya hayayyafa shi kaɗai, don ko wanne namiji ne, tamace ne. Ɗan hakin da aka raina ke nan.

To, yaya cutar take tafiya? Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya fara ganin tsutsar a jikin mutum, a Alƙahira, cikin 1851. Aka yi shekara sittin da 'yan kai ba a tabbatar da hanyar da take shiga ba, sai a 1915 Robert Leiper, mutumin Birtaniya, ya nuna a Masar cewa ta jikin dodon koɗi take bi. Mai tsargiya in ya yi fitsari ko bayan gida cikin ruwa, ƙwan tsutsa sukan fita tare, su ƙyanƙyashe. Ɗan da ya fito, in bai sami dodon koɗin da ya dace da shi ba cikin 'yan sa'o'i, sai ya mutu. In kuwa ya samu, sai ya shige ya yi ta ƙaruwa a ciki kamar mako 4 zuwa 6, sa'an nan dubbai su riƙa fitowa cikin ruwa, ido ba ya ganinsu. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yara suke zuwa iyo. Ba sai mutum ya sha ruwan ba. Ta fata suke hudawa su shiga jini. Can suke girma, su zauna cikin jijiyoyin mafitsara ko na hanji shekaru, suna zuba ƙwai.

Daga nan mai hankali zai gane cewa dodon koɗi ba shi ya ƙirƙiro cutar ba. Mutum ne yake ba shi, shi kuma ya mayar wa mutum da riɓi. Garin da kowa yake kewayawa masai, ba mai tsugunawa bakin hanyar ruwa, ko da dodon koɗi ya cika ruwansu, ba abin da zai ba su.

Waɗansu sukan ce fitsarin jini ga yaro alamar balaga ce, waɗansu su ce zafin rana ne. Ba haka ba ne. Cuta ce, tana shanye jinin yaro, ta hana shi ƙiba, ta sa shi kasala a makaranta da gona. In ta tsufa a jiki takan lalata mafitsara da ƙoda, ga mata kuma takan taɓa mahaifa. Maganinta yana nan, ƙwaya ce mai suna praziquantel, wadda aka samo a Jamus cikin shekarun 1970. In ana rabo a makarantu akan auna tsawon yaro da sanda, a ba shi gwargwadon tsawonsa, bayan ya ci abinci. Amma maganin tsutsar da take jiki yake kashewa, ba ya hana wata sabuwa shiga. Wanda ya sha yau, gobe ya koma ruwan jiya, ya zama ɗan jiya.

Manomin rani ba shi da halin rabuwa da ruwa, amma yana da dabara. Ya sa takalmin roba mai tsawo in zai ba da ruwa. Ruwan wanka da wanki, in daga hanyar ruwa aka ɗebo, a ajiye shi cikin randa kwana 2, gama 'ya'yan tsutsar ba su wuce haka da rai in ba su sami jiki ba. In ana gaggawa a tafasa. A riƙa yin gayya ana nome ciyawar hanyoyin ruwa ana kwashe laka, don ruwa ya yi gudu, dodon koɗi ya rasa maƙale.

Malamin da yake son almajiransa su ga abin da idonsu, yana iya kiwon babban nan mai murfi cikin ƙatuwar kwalba ko akwatin gilashi, yadda masu sha'awar kifi suke yi a gidajensu. Ya zuba ruwan rijiya, ko na famfo wanda ya kwana biyu ƙarfin maganinsa ya fita. Kada ya cika kwalbar fal, ya bar wurin shan iska, ya rufe da abu mai huji, don dodon koɗi gwanin hawa ne. A ajiye a inuwa. Abincinsa ganyen latas ne, ko alayyafo, ko kabeji da aka ɗan sulala. Abin da ya kwana bai ci ba a tsame, kada ruwa ya ruɓe. A jefa masa ɓawon ƙwai da aka wanke aka daka, da shi yake gina kwansonsa; in an ga kwanso yana fari yana zaizayewa, wannan ya rasa. Kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan a zuba sabo. Gishiri, da sabulu, da tagulla, da maganin feshin gona, duk ajalinsa ne. In ya rufe murfi ya yi shiru kwana ɗaya ko biyu, barci yake yi. Wanda ya mutu murfinsa yakan saki, warinsa kuma ba ya ɓoyuwa. Ciyawar da za a sa masa a duba ta sosai, kada ƙananan su biyo ta.

Akwai wani gargaɗi game da baƙon iri. A Kudancin Amurka akwai babban dodon koɗi mai suna Pomacea, wanda masu kiwon kifin ado suke saye saboda kyansa. Wajen 1980 aka kai shi Taiwan don a riƙa ci, daga nan ya bazu zuwa Filifin da maƙwabta, ya zama annoba, yana cinye dashen shinkafa tun tana ƙarama. Tarayyar Turai ta hana shigo da shi a 2012. A 2020 aka gan shi a gonakin shinkafar Mwea ta ƙasar Kenya, waɗanda su ma da hanyoyin ruwa ake shayar da su kamar na Kura. Alamarsa ba ta ɓata: ƙwansa ja-ja ne, a cure, maƙale jikin kara ko bango, sama da ruwa. Wanda ya ga irin wannan ya farfasa su, ya kai labari ga malamin gona. Wanda kuma ya sayi dodon koɗin ado ya gaji da shi, kada ya zuba shi cikin kogi ko hanyar ruwa.

Wanda ya yi yaƙi da jahilci har ya iya karanta wannan, ya sami abin da zai kai gida. Ya gaya wa iyalinsa cewa babba mai murfi ba abin tsoro ba ne, ƙarami marar murfi shi ne abin kiyayewa. Ya haƙa masai, ya kai yaron da yake fitsarin jini asibiti tun da wuri, ya fita gayyar gyaran hanyar ruwa in an yi shela. Allah ya ba manoma lafiyar cin abin da suka noma, amin.