Gidan Rumji, masaukin baƙi

Gulbin Maraɗi, in ya wuce Tibiri da Gidan Rumji, sai ya koma Najeriya wajen Sabon Birni. Daga can ne, a shekarar 2019, dubban jama'a, galibi mata da yara, suka ƙetaro suna gudun 'yan bindiga. Kafin hukumar HCR ta buɗe matsugunai a Garin Kaka da Cadakori, manoman ƙauyukan iyaka ne suka buɗe musu rumbunansu. Da yawa dangin juna ne: Gobir guda ce iyaka ta raba.

Masallaci da majami'a duk suna horo da karɓar baƙo. Amma in rumbun mai masauki ya ƙare, wa zai ciyar da gida biyu? Ga 'yan kasuwa da ma'aikata tambayar take.