Ni na ce masa basir ne

Shekara 9 Yayana yana fama da gudawa mai majina da jini. Ta zo ta yi mako biyu, ta lafa, ta dawo. Duk sanda ya koka, ni ne mai cewa, "Yaya, basir ne, wa ya rasa shi?" Ni ne kuma mai zuwa wajen masu lasifika a bakin kasuwa in sayo masa jiƙo baƙi ƙirin a gorar roba. Kunya ta hana shi zuwa asibiti, ni kuma na ɗaure wa kunyar gindi.

Sai ranar da na ga yana ɗaure wando, zariyar ta yi saura har tana reto, gabana ya faɗi. Muka tafi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe. Likita ya sa aka leƙa cikinsa da siririn bututu mai kyamara. Babban hanjin duk gyambo, a gefe guda kuma ƙari ya tsiro. Ciwon daji ne.

Bayanin likitan har yau yana kunnena. Fatar cikin hanji takan sabunta kanta cikin 'yan kwanaki. Idan kumburi ya ƙi warkewa, ƙwayoyin halittar wurin sai su yi ta mutuwa ana maye gurbinsu cikin gaggawa, sinadaran da garkuwar jiki ke zubowa kuma suna yi musu lahani. A nan kuskure ke shiga. Har cimarsu canzawa take. Lafiyayyun suna rayuwa ne da wani sinadari da ƙwayoyin bakteriya masu amfani ke tatsowa daga dusar hatsi, wake da ganye. Waɗanda suka rikiɗe sai su koma zuƙar sukari babu ƙaƙƙautawa, halin da Bajamushe Otto Warburg ya gano a shekarun 1920. Dangantakar kumburi da ciwon daji kuwa, wani masani mai suna Rudolf Virchow ya hango ta tun 1863.

Abin da ya fi sosa mini rai: mai irin wannan gyambon, da zarar ya kai shekara 8 da shi, akan fara leƙa hanjinsa a kai a kai don a tari abin da wuri. Mu a wannan shekarar jiƙo muke sha.

An yanke ɓangaren hanjin, Yaya yana karɓar magani, kuma na roƙe shi gafara. Ɗan'uwa, in ka ga jini a bayan gida, naka ko na wani naka, bari likita ya duba kafin a kira shi basir.