Ina Ungulu Ta Tafi?

Ɗan'uwana cikin Almasihu, yaushe rabonka da ganin ungulu a sararin Kaduna? Ni da na tashi a Unguwar Rimi, ina tuna yadda suke jeruwa a kan rufin mahauta, suna jiran mahauta su zubar da tarkacen yanka. Ba mu ƙaunace su ba. Mukan jefe su, mu yi wa sanƙonsu dariya.

Kwanan baya a makarantar Lahadi na kawo karin maganar nan, ungulu ba ta jewar banza. Wata yarinya 'yar shekara takwas ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, mece ce ungulu?" Sai na rasa bakin magana.

Ba hijira ta yi ba, ƙarar da ita ake yi. Ana zuba guba a mushe domin a kashe su da yawa a lokaci ɗaya, a sayar da kai da fuka-fukai ga masu neman sa'a ko asiri. A shekarar 2015 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun da muka saba gani cikin masu gab da ƙarewa. Indiya ta riga mu ganin sakamakon: bayan 1990 wani maganin shanu ya hallaka ungulayensu, mushe ya yi ta ruɓewa, karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Ashe tsuntsuwar da muka rena ita ce mai shara da Ubangiji ya naɗa mana, ba ta karɓar albashi.

Ka buɗe Maimaitawar Shari'a sura 22, aya 6 da 7. Allah ya hana wanda ya tarar da sheƙa ya kama uwar tsuntsu tare da 'ya'yanta, ya kuma ɗaura alkawarin albarka da tsawon rai a kan wannan ƙaramar doka, irin alkawarin da ya ɗaura a kan girmama iyaye. Wanda ya bar uwa ya bar iri. Gaskiya ne Littafin Firistoci ya lissafta ungulu cikin abin da ba a ci, amma ban ga inda aka ce a shafe ta daga ƙasa ba. Nuhu ma ya shigar da marasa tsarki cikin jirgi.

Ga inda abin ya fi yi mini nauyi: mai gubar yana da masu saye, wasu kuwa muna zaune da su a benci ɗaya ranar Lahadi. Idan ɗanka ya gan ka kana neman kariya a kan mushen tsuntsu, wace ayar haddace ce za ta goge wannan darasi?

Lahadin da ta biyo baya na kai wa yaran hoton ungulu, muka karanta ayoyin nan biyu tare. Wani yaro ya fito da danƙonsa daga aljihu, ya jujjuya shi, ya tambaye ni ko dokar ta shafi kurciyar da ta yi sheƙa a mangwaron gidansu. Na ce masa ta shafe ta.